Zan kai yara wuraren wasa na Dubai: in bi ta hannun ejan ko in shirya da kaina?

Mai tambayar manomi ne kuma mai sayen riɗi a wani ƙauye na ƙasar Taura a Jigawa. Ya ce yaransa biyu sun sauke Alƙur'ani, kuma tun suna tsakiyar karatu ya yi musu alkawarin in sun sauke zai kai su wuraren wasan nan na Dubai da suke gani a waya. Su bakwai za su tafi: shi da uwargida da yara biyar, babban yana da shekara 15, autar kuma 3. Wani mutum da ake ce wa ejan ya ce a tura masa kuɗin gaba ɗaya a asusunsa, sauran aiki yana wuyansa. Ɗan ƙanensa da ke karatu a Dutse kuwa ya ce asarar kuɗi ce, da waya zai gama komai. Maganar wa zai ɗauka?

Alhaji, Allah Ya albarkaci karatun yaran nan, Ya ba su ikon aiki da shi. Na daɗe a harkar yankan tikiti da neman biza a Kano, kuma akasarin masu zuwa wurinmu mutanen karkara ne irinka, don haka zan faɗa maka yadda abin yake daga cikin ofis.

Ka bi ta hannun ejan. Amma ba a kan sharaɗin da wancan mutumin ya gindaya maka ba, kuma kada ka sallami ɗanka na Dutse, don akwai aikin da zai fi kowane ejan iya yi maka. Tafiyar nan aiki biyu ne a haɗe. Akwai abin da zai fitar da ku daga Najeriya ya shigar da ku ƙasar mutane, wato biza da tikiti da masauki. Wannan ejan ya iya. Akwai kuma abin da ya sa za a yi tafiyar tun farko: wane wurin wasa za a shiga, wace rana, wane yaro ne zai hau me. Wannan kam yawancinmu ba mu san shi ba. Ejan ɗin Kano ya ƙware ne a kan mai Umara da ɗan kasuwar da zai sauka a Deira, unguwar 'yan kasuwa ta Dubai, ya sari waya da abaya da turare ya juyo. Ka kawo masa maganar lilo, zai ɗauko tsarin da wani kamfanin can ya turo masa, ya ɗora ribarsa ya miƙa maka, alhali shi kansa bai taɓa taka ƙofar wurin ba.

Bizar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai ke cikinta, ba irin wadda ake bin layi a ofishin jakadanci a karɓo ba ce. Sai wani da ke can ya tsaya maka: kamfanin jirgi, ko otal, ko kamfanin yawon buɗe ido mai lasisi a ƙasar. Ejan ɗinka na nan tura takardunku yake yi ga irin wannan kamfani. Ka ga ke nan ko ɗanka ya fi kowa iya latsa waya, dole ta hannun wani za a bi. Kuma ƙofar nan ta taɓa rufewa. A watan Oktoba na 2022 ƙasar ta daina ba 'yan Najeriya biza, jiragen Emirates ma suka daina zuwa saboda kuɗaɗensu da suka maƙale a nan. Sai a watan Yuli na 2024 aka sanar da dawo da bizar, Emirates kuma ya koma sauka a Legas ranar 1 ga Oktoba na shekarar. Tun daga lokacin sharuɗɗan ba su zauna wuri ɗaya ba. Wanda yake tura takardun mutane kowane mako shi ya san abin da ake karɓa a makon nan da abin da ake dawowa da shi, kuma wannan sanin ne kake saya da la'adar da za ka ba shi.

Inda mutanenmu suka fi faɗuwa shi ne bayanan asusun banki. Mutum yana da riɗi jibge a sito a Dawanau, amma asusunsa ba ya nuna komai, domin cinikinsa hannu da hannu ne. Mai duba takarda a can ba ya ganin sito. In ka ƙudurta tafiyar, tun yanzu ka riƙa bi da kuɗin cinikinka ta banki, watanni kafin a nemi bizar. Idan kuwa ejan ya ce kada ka damu zai haɗa maka takardar banki, ko zai zuba kuɗi a asusunka na kwana biyu a kwashe, ka ɗauki hularka ka bar masa ofishin. Ranar da aka gano, kai za a hana shiga ƙasar, shi yana zaune yana jiran wani. Ka kuma sani kuɗin biza ba ya dawowa in an ƙi bayarwa, kuma ejan ba shi ke bayarwa ba, don haka duk wanda ya rantse maka cewa tabbas za ta fito ya yi rantsuwa a kan abin da ba ya hannunsa. In ta fito, takarda ce za a turo ta waya. Ɗanka ya shiga shafin hukumar shige da fice ta Dubai, GDRFA, ko na tarayyar ƙasar, ICP, ya sa lambar kowace biza ya ga tana nan da ranta, sunan da ke kanta kuma ya yi daidai da na fasfo. Guda bakwai ɗin duka, ba taka kaɗai ba.

Yanzu maganar mutumin da ya ce a tura masa kuɗi. Ba na cewa macuci ne. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ɗan kamasho ne: yana kai wa wani a Kano, na Kano yana kai wa wanda ke da izinin yanka tikiti, shi kuma yana da nasa mutumin a Dubai. Kowa zai ɗan gutsura, kuma ranar da abu ya lalace kowa zai nuna na gabansa. Kai da ka san kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ba ka taɓa miƙa wa dillali kuɗin sa tun daga gida ba. Sai ka ga san, ka duba haƙori, ka san mai shi, a yi ciniki a gaban shaidu, sannan dillali ya karɓi la'adarsa. Haka za ka yi da ejan. Ka ce ya kai ka ofishin da ake yanka tikitin, ka zauna da mai ofishin. Ka nemi ganin rajistar kamfanin ta hukumar CAC, wadda ɗanka zai iya dubawa a waya da sunan kamfanin kawai. Ka tambaya ko suna da izinin IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, don masu wannan izinin ne ke yanka tikiti kai tsaye, ko kuwa suna cikin NANTA, ƙungiyar masu wannan sana'a a Najeriya. Kuɗi kuma asusun kamfani za su shiga, mai ɗauke da sunan da ke kan rajistar, a ba ka rasit. Kamfani mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Mutuminka in ya yi maka jagora zuwa can, ka ba shi na goro, ba ku ɓata ba.

Kuma ba a biya gaba ɗaya. Kafin alƙalami na biza tukuna. In biza ta fito an tabbatar da ita, a biya tikiti. In tikiti ya tabbata, a biya masauki. Tikitin shiga wuraren wasa shi ne na ƙarshe, don shi ne wanda ba kasafai ake rasa shi ba kuma ba ya buƙatar kowa. A rubuta komai a takarda ɗaya, kowane abu da farashinsa daban, la'adar ejan ma daban, a sa hannu da shaidu biyu. Ejan da ya ba ka dunƙulallen farashi ya ƙi warwarewa yana da abin da ba ya so ka gani. A rubuta har da abin da zai faru in an ba mutum shida biza an hana ɗaya, don yana faruwa, kuma ranar ce ake sanin wanda aka yi hulɗa da shi.

Bari in tsaya a kan tikiti, don a nan aka fi yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Takarda iri biyu ce, kuma ga wanda bai sani ba kamarsu ɗaya. Ta farko ajiyar kujera ce kawai. Tana ɗauke da sunanka da ranar tafiya da lambar jirgi da wasu haruffa shida da ake kira PNR, amma ba a biya kamfanin jirgi ko sisi ba, kuma in wa'adinta ya cika, kwana ɗaya ne ko uku, na'ura ce ke soke ta da kanta. Ta biyu ita ce tikiti na gaske, kuma alamarsa lamba ce mai alƙaluma 13 ga kowane fasinja. Ukun farko na kamfanin jirgin ne: 071 na Ethiopian, 077 na EgyptAir, 157 na Qatar Airways, 176 na Emirates. Na sha ganin mutum ya taso daga ƙauye da asuba da iyali da jakunkuna da 'yan rakiya mota guda, ya iso filin jirgin Malam Aminu Kano da takardar ajiya a hannu, a duba a ce babu sunansa. Maganin wannan minti biyar ne. Ɗanka ya shiga shafin kamfanin jirgin da kansa, ba wanda ejan ya turo masa ba, ya sa haruffan nan shida da sunan mahaifi, ya ga sunaye bakwai da lambobi bakwai. Ya sake dubawa ana saura kwana biyu tafiya, domin tikitin da aka yanka ma ana iya soke shi a karɓe kuɗin.

Daga Kano za ku iya tashi ba sai kun je Legas ba. Ethiopian yana bi ta Addis Ababa, EgyptAir ta Alƙahira, Qatar Airways kuma, wanda ya fara zuwa Kano a 2022, ta Doha. In an kawo maka tikiti mai sauƙi daga Legas, ka ɗora kuɗin kai mutum bakwai Legas da dawo da su kafin ka ce ya yi araha. Ka tambayi awa nawa za a jira a inda za a canza jirgi. Ɗan kasuwa shi kaɗai zai iya kwana a kan benci, amma mace da yara biyar awa goma a filin jirgin da ba su jin harshen kowa, wannan wahala ce da ragin kuɗi ba zai biya ba. Yaron da bai kai shekara 2 ba ne kaɗai ake riƙewa a cinya a biya ɗan kaɗan. Daga 2 zuwa 11 ana samun ragi, wanda ya kai 12 kuwa kuɗin babba zai biya. Ka duba takardar ka ga an saka wa ƙananan farashin yara, don akwai masu karɓar na manya su yanka na yara.

Duk wannan bayan fasfo ne, kuma fasfo ba aikin ejan ba ne, naka ne. Kowane yaro da nasa, har autar. Daga 1 ga Satumba na 2025 mai shafi 32 na shekara biyar Naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma kuma 200,000. Ku bakwai a kan ƙaramin, 700,000 ke nan ba a ko fara maganar jirgi ba. Kowa sai yana da lambar NIN, yaran kuma da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da takardar amincewar iyaye. Abin da ke cinye watanni shi ne saɓanin suna. A takardar haihuwa an rubuta Muhammad, a NIN Mohammed, a makaranta an sa sunan gari a ƙarshe, uwargida kuma katinta ɗaya da sunan mahaifinta, ɗaya da naka. Ranar haihuwa ma wani an ƙiyasta masa ne ranar da aka je rajista. Ka baje takardun gidan nan a kan tabarma tun yau ka ga inda suka saɓa, a gyara kafin a je ɗaukar hoto. In a cikin yaran akwai ɗan riƙo, ko wanda mahaifiyarsa ba ita ce mai tafiya ba, ka faɗa wa ejan tun farko, don za a nemi takarda a kansa. Wanda yake da tsohon fasfo ya duba ya rage masa aƙalla wata shida. Sai katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, wanda jami'an lafiya na filin jirgi ke bayarwa. A yi allurar da gaske, aƙalla kwana 10 kafin tafiya, kada a sayi kati.

To, mu zo ga abin da yaran ke jira, wanda na ce kada ka bar wa ejan. Kafin ka zaɓi wuri, ka aro tef ɗin tela ka jingina kowane yaro da bango ba takalmi, ka rubuta tsayinsa da santimita. A wuraren nan ba a tambayar shekaru a bakin lilo, sanda ce a kafe, wanda bai kai ta ba ba zai hau ba ko da ubansa ne ya biya kuɗin kowa. Manyan lilon sukan nemi santimita 120 ko 130, wasu har 140. Wasu wuraren ma farashin shiga da tsayi suke raba shi. Kowane wuri ya rubuta tsayin da kowane lilo ke buƙata a shafinsa na intanet. Ɗanka ya zauna da takardar awon nan ya ƙirga: a wuri kaza, lilo nawa wance za ta iya hawa? In amsar uku ce cikin ashirin, ka san kuɗinta na kallo ne.

Wuraren ba iri ɗaya ba ne. Legoland na Dubai, wanda aka buɗe a 2016, an gina shi ne don yara 'yan shekara 2 zuwa 12, kuma ƙananan naka a nan za su more. Ɗan shekara 15 zai gaji da shi kafin azahar, amma Motiongate yana harabar guda, a yankin Jebel Ali, kuma a can akwai irin jiragen wasan nan masu gudu a kan dogo suna hawa suna faɗowa. IMG Worlds of Adventure shi ma na 2016 ne, gaba ɗayansa a cikin gini yake da na'urar sanyaya ɗaki. A Abu Dhabi kuma, tafiyar awa ɗaya da wani abu daga Dubai, da bizar nan ɗaya tunda ƙasa ɗaya ce, akwai tsibirin Yas: Ferrari World na 2010, inda jirgin Formula Rossa ke kai kilomita 240 a awa, da Warner Bros. World na 2018, da SeaWorld na 2023 mai kifaye da dabbobin ruwa. In ni ne da iyali irin naka, zan ba SeaWorld rana guda, don shi ne wurin da uwargida da autar da samarin duk za su sami abin kallo ba tare da an raba su ba. Akwai tikitin da ke haɗa wurare biyu ko uku a farashi mai sauƙi, wasu otal-otal na tsibirin kuma suna haɗa kwana da shiga. Nan ejan na kirki zai iya taimakawa, domin yakan samu farashin sari. Amma a gwada nasa da na shafin wurin kafin a biya.

Wanda na fi so mutanenmu su fara da shi shi ne Global Village na Dubai. Kuɗin shigarsa kaɗan ne in aka gwada da sauran, lilo kuma wanda aka ga dama ake biya a hau. Da yamma ake buɗewa, rumfunan ƙasashe ne jere da abinci da kaya, uwargida za ta yi sayayyarta yara su yi wasansu. Sai dai na lokaci ne, daga Oktoba zuwa wajen Afrilu ko Mayu.

Wannan ya kawo mu ga lokacin tafiya. Dogon hutun makaranta yana faɗowa ne a Yuli zuwa Satumba, lokacin da kai kana gona, can kuma zafi ya haura digiri 40 ga gumi mai nauyi na bakin teku. Kada ka ce ai mu 'yan Jigawa mun san rana, wancan daban ne. In dole sai lokacin, to wuraren da ke cikin gini kaɗai za a yi. Daga Nuwamba zuwa Maris ne iska ke daɗi, kuma Allah Ya sa ya dace da kaka, kuɗin riɗi na hannu. A cikin wannan ma ƙarshen Disamba ya fi kowane lokaci tsada da cunkoso. Tun 2022 hutun mako a can Asabar da Lahadi ne, Juma'a rabin yini, don haka Litinin zuwa Alhamis layi ya fi gajarta, kuma ba sai ka sayi ƙarin tikitin nan na tsallake layi da za a so a cusa maka ba. Kada a jera wuraren wasa kwana uku a jere. Yini guda a irin wurin nan tafiyar ƙasa ce tun hantsi har dare, washegari yaran ba za su tashi ba. Wuri biyu ko uku a mako ɗaya ya isa.

Akwai abu biyu da ake cusawa a kusan kowane tsari da aka turo daga can, kuma ka duba su da idonka. Na farko fita sahara da yamma a mota. Hawan tudun yashi da raƙumi ba laifi, amma daren yakan ƙare da rawar mata a gaban 'yan kallo, kuma ba na jin abin da ka ɗauko mahaddata biyu su gani ke nan. Na biyu wuraren wasan ruwa irin Aquaventure, inda shigar mutane ba irin tamu ba ce. Wasu, kamar Yas Waterworld, suna ware lokaci na mata zalla. In ba ka so, ka ce a cire a rage kuɗin. Masallaci da abincin halal kuwa ba matsala ba ne a wuraren nan. Matsalar tsadar abincin ce, kuma galibi ba a barin a shiga da na waje, don haka a ci a ƙoshi kafin a fita.

Masauki kuma ejan zai ce Deira, don can ya sani. Deira tana da amfaninta: abinci mai sauƙi, masallatai, da Hausawa da za ka ji muryarsu a titi. Amma daga can zuwa Jebel Ali kusan awa guda ne a mota, tasi ta yau da kullum kuma mutum huɗu take ɗauka, ku kuwa bakwai ne. Ko mota biyu ko babba guda, zuwa da dawowa, kullum. A sa wannan a lissafi. Ɗakin otal ma yana da iyakar mutanen da aka yarda su kwana a ciki, ba a shimfiɗa tabarma a ƙara. Abin da ya dace da ku shi ne irin masaukin nan mai ɗaki biyu da falo da kicin, uwargida ta ɗora tukunya, don yaron da ya saba da tuwo kwana uku zai yi yana ɗaga hanci ga abincin otal. Ka tambaya ko an haɗa da harajin baƙi da Dubai ke karɓa, dirhami (kuɗin ƙasar) 7 zuwa 20 a kowane ɗaki kowane dare gwargwadon darajar otal, da kuɗin ajiya da wasu ke riƙewa sai ranar fita. Ɗanka ya aika wa otal ɗin saƙo da kansa ya ji ko an biya ko ajiya ce kawai.

Dirhami a ɗaure yake da dala, kusan 3.67 a dala ɗaya, saboda haka duk abin da dala ta yi a kasuwar canji ta Wapa a Kano shi tafiyarka za ta yi. Shi ya sa farashin da ejan ya faɗa da Naira yau ba lallai ya kai jibi ba, kuma ba kullum ne laifinsa ba. A rubuta a yarjejeniya da wane kuɗi aka yi ciniki. Ka tambayi bankinka guzurin matafiya na PTA, wanda iyakarsa dala 4,000 ce a wata uku. In kuɗin hannunka sun haura dala 10,000 sai ka bayyana wa kwastam. Kada a wuce ranar da biza ta ƙare, tarar dirhami 50 ce kowace rana a kan kowane mutum. Kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko na ejan ɗin ne, kuma jakunkunan da aka rubuta da sunanka ka ƙirga su da kanka. Magunguna irin tramadol da kodin a can laifi ne babba in ba takardar likita.

Wasu za su ce maka tunda za a kashe wannan kuɗi, me ya hana a yi Umara? Shawara ce mai kyau ga yaran da suka sauke, kuma ba ta hana wasa. Bizar Umara yanzu tana ba da damar zagaya wasu biranen Saudiyya, a Jidda akwai wurin wasa na Al Shallal a kusa da bakin teku, jirgin ƙasa na Haramain kuma yana haɗa Makka da Jidda da Madina. Bai kai na Dubai girma ba, amma ga yaron da bai taɓa gani ba ya isa labari. In nan ka karkata, kamfanin jirgin yawon da za ka bi dole ya kasance yana da lasisin NAHCON, hukumar alhazai ta ƙasa, kuma a nan ejan ɗinmu na gida ya san hanya ciki da bai. Wuraren wasa na Disney na Amurka ko na Faransa kuwa ka ajiye su tukuna. Ko a 2025, bizar Amurka sai kowa ya bi ta ofishin jakadancinsu a Abuja ko Legas, dala 185 kowane kai ko an bayar ko an hana, kuma a Yulin shekarar aka mayar da ta 'yan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya.

Kafin duk wannan, ka gwada yaran a gida. Magic Land na Abuja, wanda a da ake kira Wonderland, yana kusa da ƙofar shiga birnin, ba ya buƙatar biza ko ejan, kuma in kun bi ta Kaduna ku hau jirgin ƙasa daga Rigasa, wannan ma rabin yawon ne. A can za ka gane wanda ke son abin da wanda zai ƙanƙame rigarka da zarar lilo ya ɗaga. Yaro yana kallon abu a waya yana tsalle, amma cikinsa bai san yadda faɗowa daga sama take ba. Abin da ka gani a Abuja shi zai gaya maka ko Ferrari World za a saya ko Legoland.

In Allah Ya kai ku, kowace safiya kafin a fita a sa wa kowane yaro kati a aljihu mai sunansa da sunan otal da lambar wayarka ta can, da Turanci da Larabci. Ka ɗauke su hoto da kayan da suka sa a ranar. Da an shiga wuri ka nuna musu ma'aikata masu kayan aiki, ka ce duk wanda ya ɓace ya miƙa wa irin waɗannan katinsa, kada ya bi kowa waje. Layin waya na can kuma a filin jirgi ake saya da fasfo, ku sayi biyu, ɗaya a hannunka ɗaya a hannun uwargida.